Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Binciken Melanoma: A Waiwayi Tafin Ƙafa

Zuwa ga shehunan malamai da sauran masana da ke binciken sankarar fata ta melanoma a ɗakunan gwaje-gwaje, da hukumomin da ke ɗaukar nauyin aikinsu.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da ɗalibanku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne melanomar da ke tsirowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wadda kuke kira akral a takardunku. Ita ce kan gaba a cikin melanomar da ke kama baƙar fata da mutanen gabashin Asiya, ita ce kuma ake bari a baya idan an zo rabon ɓeraye da kwalabe da kuɗin bincike. Ni malamin ilimin halittu ne, koyarwa ce aikina, kuma duk hujjar da zan kafa a nan daga hannunku ta fito. Roƙona guda ne: ku ba wannan nau'in irin lokaci da hankalin da kuka ba melanomar da rana ke haddasawa.

Kafin koke, yabon gwani ya zama dole. Har zuwa ƙarshen shekarun 2000, wanda melanoma ta yaɗu a jikinsa yawanci watanni shida zuwa tara ake lissafa masa. Maganin da ke hannun likitoci, dacarbazine, tun 1975 aka amince da shi, kuma kaɗan daga cikin majinyata yake yi wa amfani, shi ma na ɗan lokaci. Sai a 2002 masana a Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila suka gano cewa melanoma da yawa suna ɗauke da tawaya a ƙwayar gado guda ɗaya, BRAF. Saƙon da ke umartar ƙwayar halitta ta rabu biyu yana tasowa ne daga bangonta, RAS ya miƙa wa BRAF, BRAF ya miƙa wa MEK, MEK ya miƙa wa ERK, shi kuma ya isar da shi cibiyar da DNA yake. A lafiyayyar ƙwaya BRAF ba ya motsi sai an taɓa shi. Amma da zarar harafi ɗaya tak na DNA ya sauya, sinadarin da ke gurbi na 600 a jikin furotin ɗin ya tashi daga balin ya koma gulutamet, wato V600E, to shi ke nan, sai ya dinga isar da saƙon da babu wanda ya aiko. Kusan rabin melanomar fata suna da tawayar BRAF. Shekara tara bayan wannan ganowa, wato a 2011, aka amince da vemurafenib a Amurka, maganin da aka ƙera don ya toshe wannan gurɓataccen furotin.

A cikin 2011 ɗin ne kuma ipilimumab ya fito daga aikin James Allison a kan CTLA-4, a 2014 pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya daga PD-1 da Tasuku Honjo ya gano a Japan. Waɗannan magunguna ba sa taɓa ƙarin da kansa, takunkumin da ke kan sojojin garkuwar jiki, wato CTLA-4 da PD-1 ɗin, suke cirewa su bar su da aikinsu. Allison da Honjo sun karɓi kyautar Nobel a 2018. Da aka bibiyi majinyatan da suka karɓi nivolumab haɗe da ipilimumab har shekara goma, rahoton 2024 ya nuna kashi 43 cikin 100 suna raye. Duk wanda ya san inda aka fito ba zai raina wannan ba.

Abin da ya fi burge ni ma ba magungunan ba ne, yadda kuka warware tafiyar cutar mataki-mataki ne. Ƙwayar da ke yin launin fata, melanosayit, tun asali matafiyiya ce. A cikin ɗan tayi, daga gefen inda laka za ta tsiro take tasowa, ta ratsa jiki har ta isa fata da gashi da ido. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a fatar baƙi da ta fari. Bambancin yana ga yawan melanin, sinadarin launin fata, da suke yi, da irinsa, da yadda suke raba shi ga ƙwayoyin da ke kewaye da su. Shekara guda bayan gano BRAF, sai aka ci karo da abin mamaki: tawadar Allah, wannan ɗigon da kusan kowa yake da shi kuma ba ya cutar da kowa, mafi yawanta tana ɗauke da V600E ɗin nan. Ashe tawaya ɗaya ba ta isa ta yi sankara ba. A 2005 ɗakin binciken Daniel Peeper a Holan ya nuna cewa ƙwayar da ta samu wannan tawaya takan rabu na ɗan lokaci, sannan ta tsaya cak, ta shiga wani irin tsufa na dole, ta zauna haka shekara da shekaru. A 2013 aka gano tawayar da ke gaban ƙwayar gadon TERT, wadda ke ba ƙwaya damar sabunta bakin kuromozom ɗinta don kada ta tsufa. A 2015 Hunter Shain da Boris Bastian suka ɗauki melanoma 37 da har yanzu ake ganin tawadar da suka tsiro daga jikinta, suka yanka kowane sashe daban suka karanta DNA ɗinsa, sai jerin ya fito fili: BRAF ko makamancinsa a farko, TERT a tsakiya, rasa ƙwayar gadon CDKN2A lokacin da ƙarin ya fara nutsawa cikin fata, su PTEN da TP53 daga baya. A 2016 kuma ɗakin Leonard Zon a Boston ya sa wa ɗan kifin nan mai zane irin na jakin dawa alama mai haske, aka ga ƙwaya guda tana komawa halinta na zamanin tayi kafin ta zama ƙari. Mutum ya karanta wannan jeri, dole ya cire hula.

Sai dai kusan duk wannan labari rana ce ta rubuta shi. Tun 1956 Henry Lancaster ya nuna a Ostareliya cewa mace-macen melanoma a tsakanin fararen fata suna ƙaruwa gwargwadon kusantar wurin da rana ta fi ƙarfi. Da aka karanta DNA na wata melanoma gaba ɗaya a karon farko a 2010, an ƙirga sauye-sauyen harufa sama da 33,000, mafi yawansu C ne ya koma T, wanda shi ne sawun da hasken ultrabayolet ke bari. Wannan yawan kurakurai shi ne musibar cutar, shi ne kuma lagonta, domin ƙwayar da ta cika da furotin ɗin da jiki bai saba da shi ba ta fi sauƙin ganewa ga garkuwar jiki. Babban kundin ƙwayoyin gadon sankara na Amurka, wanda ya fito da rahotonsa na melanoma a 2015 a kan ƙari 333, ya kasa cutar gida huɗu: BRAF, RAS, NF1, da gida na huɗu na waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin ukun. Kusan duk majinyatan da aka ɗebo fararen fata ne. Kaso mai yawa na melanomar tafin ƙafa a wannan gida na huɗu take faɗawa, gidan da aka bayyana shi da abin da ya rasa.

Tafin ƙafa kuwa rana ba ta ganinsa, fatarsa kuma ta fi ta ko'ina kauri. Ku da kanku kun nuna cewa abin da ke faruwa a can daban ne. John Curtin da Bastian sun faɗa tun 2005 cewa melanomar akral da ta cikin hanci da baki da al'aura ba su da yawan sauyin harufa, abin da suke da shi shi ne kuromozom da ya kakkarye aka sake ɗinke shi ba bisa tsari ba, da wasu guntaye da aka ninka sau da yawa, musamman inda ƙwayoyin gadon CCND1 da CDK4 suke. A 2006 suka ƙara da tawayar ƙwayar gadon KIT. Nicholas Hayward da abokan aikinsa a Ostareliya sun tabbatar da haka a 2017 da suka karanta DNA na melanoma 183 ɗungurungum. Idan melanomar rana littafi ne da aka cika shi da kurakuran rubutu, harafi nan harafi can, ta tafin ƙafa littafi ne da rubutunsa ke daidai amma an yayyaga shafukansa an sake haɗa su a birkice, wani shafin an maimaita shi sau ashirin, wani an yar da shi. Wanda ya ƙware a gyaran na farko ba lalle ya iya taɓuka abin kirki a na biyu ba.

Haka kuwa aka gani a asibiti. Tawayar BRAF a akral ba ta wuce kusan ɗaya cikin biyar ba, ke nan mafi yawan masu ita ba su da rabo a vemurafenib da danginsa. Imatinib, wanda ke toshe KIT, yakan yi aiki ga wasu, amma sau da yawa ƙarin yakan dawo. Magungunan garkuwar jiki ma ƙarfinsu yana raguwa. A wani gwajin pembrolizumab da aka yi a China, inda akral ta kai kusan kashi 40 cikin 100 na duk melanoma, kusan majinyaci ɗaya cikin shida ne ƙarinsa ya ja baya, alhali a manyan gwaje-gwajen Turai da Amurka an ga kusan ɗaya cikin uku.

Na san amsar da wasunku za su bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Za ku ce kuɗi yawan majinyata yake bi. A 2020 an ƙiyasta sababbin masu melanoma kusan 325,000 a duniya, da mace-mace kusan 57,000, kuma mafi yawansu a Turai da Amurka ta Arewa da Ostareliya da Niyu Zilan suke. A Amurka, farar fata ɗaya cikin 33 ne ake sa ran zai kamu da ita a tsawon rayuwarsa, baƙar fata kuwa ɗaya cikin 1,000. Za ku ƙara da cewa akral ba ta fi kama baƙi a kan farare ba. Yawanta kusan ɗaya ne a kowace al'umma, kimanin mutum biyu cikin miliyan a shekara bisa ƙididdigar Amurka, kawai dai mu melanin ya tsare mu daga sauran nau'o'in ne, shi ya sa ita ta fito fili. Duk gaskiya ne. Binciken da aka yi a kan rajistar Amurka a 2009 ya nuna akral ita ce kashi 36 cikin 100 na melanomar baƙaƙe, kashi 18 na ta 'yan asalin Asiya, kashi 1 kacal na ta farare.

To amma ku juya lissafin. Cutar da ba ta zaɓen launi, wadda take kama kowace al'umma daidai wa daida, cutar 'yan Adam ce gaba ɗaya, kuma mafi yawan 'yan Adam a Asiya da Afirka da Latin Amurka suke zaune. A yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, rajistar sankara ɗan ƙaramin kaso na jama'a take kamawa, wanda ya mutu da gyambon ƙafa ba a taɓa yankar tsokarsa an duba ba kuwa ba ya shiga lissafin kowa. Sannan ƙarancin majinyata bai taɓa hana ku aiki ba idan kun sa kanku. Melanomar cikin ido ma ba ta da yawa, amma kun bi ta har kun gano tawayar ƙwayoyin gadon GNAQ da GNA11 da BAP1, kun lura da yadda take son hanta, har a 2022 aka amince da tebentafusp dominta. Abin da aka yi wa ido za a iya yi wa ƙafa.

Wata amsar ita ce masu akral a makare suke zuwa asibiti. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi a ciki. Tun 1970 Alexander Breslow ya nuna cewa kaurin ƙarin a milimita shi ne babban ma'aunin makomar majinyaci. Wanda bai kai milimita ɗaya ba yawanci yanka kawai ya ishe shi, wanda ya wuce huɗu kuwa sai addu'a da magani mai ƙarfi. Baƙin tabo a dunduniya ana ɗaukarsa kanta ne ko taruwar jini, baƙin layi a farce ana cewa bugewa ce. Shahararren mawaƙin Jamaika Bob Marley ma da farko raunin ƙwallo aka ɗauki abin da ya fito a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa. A 1977 aka gane melanoma ce, ya rasu a watan Mayun 1981 yana da shekara 36. Har yau a Amurka, cikin baƙaƙen da aka gano suna da melanoma kusan kashi 70 cikin 100 ne ke kai shekara biyar, farare kuwa sun haura 90. Amma makara ba laifin majinyaci kaɗai ba ne. Ƙa'idar ABCD da likitocin New York suka fitar a 1985 don gane muguwar tawada, da tawadar baya da kafaɗa aka gina ta. Likitocin Japan ne, ƙarƙashin jagorancin Toshiaki Saida, suka lura cewa a tafin ƙafa launin melanoma yana bin tudun zanen fata, na tawada mara cutarwa kuwa yana bin kwarin zanen. Kafin a koya wa likita abin da zai duba, sai wani ya zauna a gaban madubin bincike ya gano shi. Wannan wanin ku ne.

Nan ne nake so ku ɗan tsaya, domin abin da kaɗan daga cikinku suka tono a kan fatar tafi ya isa ya hana mai son ilimi barci. Tafin hannu da na ƙafa sun fi sauran jiki haske ko a jikin wanda ya fi kowa baƙi. A 2004 ɗakin Vincent Hearing a Amurka ya nuna dalili: ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatar tafi suna fitar da wani furotin, DKK1, da ke danne melanosayit, har yawansu a can ya kasa na sauran jiki kusan ninki biyar. A sauran jiki, ƙwayoyin asali da ke haifar da sababbin melanosayit a gindin gashi suke fakewa. Tafi ba shi da gashi ko ɗaya. Ɗakin Emi Nishimura a Japan ya gano cewa a can cikin jakar gumi suke zaune, kuma bututun gumi a kan tudun zanen fata yake buɗewa, daidai inda Saida ya ga launin cutar yana bi. Kun ga yadda abin da likita ya gani da ido ya haɗu da abin da aka gani a ɗakin gwaji. Bastian kuma ya nuna cewa a fatar da ke kewaye da melanomar akral, wadda ko a madubi lafiya lau take, akwai ƙwayoyi ɗaiɗai masu ɗauke da irin ninkin kuromozom ɗin ƙarin, har zuwa milimitoci da dama daga bakinsa. Likitan tiyata da ke auna inda zai tsayar da wuƙa a dunduniyar mutumin da zai ci gaba da taka ta yana bukatar ya san me waɗannan ƙwayoyi suke zama idan an bar su.

A 2022 ɗakin Richard White a New York ya fito da abin da ya kamata ya sauya yadda ake tsara gwaji. Sun ɗauki ƙwayar gadon CRKL, wadda ake yawan ninkawa a akral, suka sa wa ɗan kifin nan, sai ƙari ya dinga fitowa a fikafikansa, waɗanda su ne daidai da hannu da ƙafa a jikin mutum. Da suka sa BRAF, jikin kifin ya fi kamuwa. Sun danganta abin ga ƙwayoyin gadon HOX13, masu tuna wa ƙwaya a wane sashen jiki take. Ma'ana, tawaya ɗaya ba ta yin aiki iri ɗaya a ko'ina. Mazaunin ƙwayar yana da ta cewa. Idan haka ne, wanda ya ɗebi ƙwayoyin melanoma ya tsira su a ƙarƙashin fatar kwiɓin ɓera, ya ce yana nazarin cutar tafin ƙafa, akwai tambaya a kansa.

Ɓeran ma sai an duba shi. B16, melanomar da aka fi amfani da ita a gwajin dabbobi, a jikin wani baƙin ɓera ta tsiro da kanta a 1954. Isaiah Fidler ya yi aikin tarihi da ita a 1973, yana zuba ta a jijiya, ya ɗebo wadda ta isa huhu, ya sake zubawa, har sau goma, ya nuna cewa yaɗuwa ba sa'a ba ce kawai, akwai ƙwayoyin da suka fi wasu iyawa. Amma B16 ba ta da V600E, balle ta yi kama da akral. Ɓeran da aka ƙera a 2009 mai BRAF da rashin PTEN kuma hoton melanomar rana ne. Ƙwayoyin ɗan Adam da ake renonsu a kwalba, irin su A375 da aka samo daga wata mata mai shekara 54, su ma mafi yawansu daga wancan ɓangaren suke. Na akral na gaskiya kaɗan ne, ɗakuna ƙalilan ne ke riƙe da su. Kuma kun san illar rashin tantance abin da ke cikin kwalba fiye da ni: wata ƙwayar kwalba mai suna MDA-MB-435 ta yi shekaru ana wallafa takardu a kanta a matsayin sankarar mama, daga baya aka tabbatar melanoma ce.

Akwai kuma tsohuwar tambayar nan ta takawa. A 1967 wani likita, Lewis, ya rubuta a kan melanomar tafin ƙafa a Uganda, yana danganta ta da ɗige-ɗigen launi da ake samu a tafin. An daɗe ana ja-in-ja a kan ko tafiya ba takalmi tana da hannu. A 2016 likitocin Jami'ar Shinshu a Japan suka zana taswirar inda melanoma ta fito a tafin majinyatansu, suka ga ta taru a dunduniya da gaban ƙafa, inda nauyi ke sauka, ta yi ƙaranci a lanƙwasar tsakiya da ba ta taɓa ƙasa. Daga baya masana a Koriya ta Kudu suka nuna a ɓera cewa matsin nauyi yana iya yaga bangon cibiyar ƙwayar sankara ya jawo karyewar DNA. Ga kuromozom a kakkarye, ga matsi da ke iya karya shi. Ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba kafin ya ga inda zaren ya nufa. Rabin ƙarni ya isa a ce an bi shi zuwa ƙarshe.

Haka batun yaɗuwa. Ɗakin Sean Morrison ya nuna a 2008 cewa kusan ƙwaya ɗaya cikin huɗu ta melanomar ɗan Adam tana iya tayar da sabon ƙari ita kaɗai a jikin ɓeran da ba shi da garkuwa. A 2020 suka nuna cewa jini wuri ne mai haɗari ga ƙwayar sankara, yawancinsu a ciki suke mutuwa saboda ƙarfen jini yana lalata kitsen bangonsu, amma wadda ta fara bi ta hanyar ruwan kaluluwa takan sha wani nau'in mai da ke kare ta, ta shiga jini da ƙarfinta. Mai melanomar dunduniya sau da yawa da kaluluwar cinya a kumbure yake isa asibiti. A sake wannan gwaji da ƙwayoyin akral mana.

Yanzu ga masu riƙe da jakar kuɗi, ranku ya daɗe. Babu yadda za a yi wannan aiki ba tare da tsokar majinyata ba, tsokar kuma tana inda majinyatan suke. Wadda ta kwana biyu a cikin fomalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, kafin a sa ta a kaki, DNA ɗinta ya riga ya dagargaje, kuma karyewar kuromozom da muke nema ta fi fitowa a tsokar da aka daskarar nan take. Ke nan ana bukatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da aka horar kuma ake biyansa, a asibitocin da ake yanke waɗannan ƙafafu. Tallafin shekara biyu ba ya gina wannan. Carla Daniela Robles-Espinoza a Meziko da Patricia Possik a Birazil sun nuna cewa ana iya tattara akral a gida, a karanta ta a gida, a rene ta a jikin ɓera a gida. Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka ma ya nuna cewa ana iya kafa ma'ajiyar samfur a Afirka bisa ƙa'ida. Abin da ba ma so shi ne a zo da akwatin ƙanƙara a kwashe, sunan likitan da ya yi yankan ya ƙare a layin godiya. Kowa a cikinku ya san Henrietta Lacks, wadda aka ɗebi ƙwayoyinta a 1951 ba da saninta ba, ake ta aiki da su har gobe. A nemi izinin majinyaci da harshen da yake ji, a gaya masa inda tsokarsa za ta je, sakamakon kuma ya dawo wa asibitin da ya bayar.

Ga masu tace takardu a mujallu kuma, abin da nake nema ba ya cin ko sisi. Duk wanda ya kawo bincike a kan melanoma, a tambaye shi daga wane sashen jiki ƙarin ya fito, kuma su wane ne majinyatan. Idan duk samfuransa na bayan farar fata ne da rana ta ƙona, ya rubuta haka a kan takardarsa, kada ya ce melanoma kawai. Gwajin magani kuma ya riƙa fitar da sakamakon masu akral a jadawalinsu daban, ko da su goma ne, domin goma daga nan da goma daga can su ne za su taru su zama abin da likita zai dogara da shi ranar da zai zaɓa wa majinyaci magani.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin ilimin halittu